Waken Inna da Simintin Mai Gida

Shekarar da aka sayar da gonarmu ta ƙauye, Inna ta dawo wurina a Gyaɗi-Gyaɗi da ƙullin wake a bakin zanenta. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari ƙanana, akwai ja, sai wani mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Shi wannan na kakarta ne, kuma a cewarta duk garinmu an daina shuka shi, kowa ya koma wa na zamani mai saurin nuna. Ƙwari sun fara huda shi, don haka ruwa na sauka ta shuke shi duka a gindin katangar gidan da nake haya, ba ta rage ko ƙwaya ba.

Farin bai ɓata lokaci ba, a tsaye ya yi fure, ya nuna, muka ci. Jan ya kama igiyar shanya ya haye. Na kakar kuwa sai yaɗo yake yi, ganye kan ganye har ƙofar banɗaki, fure ko na magani babu. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba. Kafin in tafi aiki sai na ɗaga ganyen na leƙa, in na dawo in sake leƙawa.

Na ce, "Inna, anya wannan ba namiji kika shuka ba?"

Ta ce, "Rabu da shi. Ba ya fure sai ruwa ya ɗauke, dare ya fara tsawo."

Ana haka mai gidan ya aiko cewa damina na wucewa za a shafe tsakar gida da siminti. Har an jibge yashi a ƙofa. Hankalina ya tashi, domin in aka binne wannan yaɗon kafin ya nuna, irin ya ƙare ke nan. Na tari adaidaita sahu zuwa shagonsa a Tarauni.

"Alhaji, a ɗan ɗaga mana ƙafa. Waken Inna bai nuna ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wake fa ka ce, Malam? Zo mu shiga kasuwa in sa a auna maka kwano guda."

Na ji haushi ƙwarai, na kuma rasa yadda zan fahimtar da shi cewa wannan babu shi a kasuwa.

Furen ya fito a makare. Ranar da magina suka iso, kwanson duk ɗanye ne shar. Ina ta safa da marwa a soro, sai na ga Inna ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno, ta dasa a gindin shukar, ta zauna da carbinta.

Babban maginin ya ce, "Inna, a ɗan gusa mana."

Ta ce, "Ku yi aikinku, ɗana, ban hana ku ba. Sai dai ku zagaye ni."

Suka dubi juna, suka sare abin da ya yaɗu nesa, suka bar mata fili kamar faɗin tabarma. Waken da ya nuna ya bushe a wurin daga baya bai wuce cikin tafin hannu ba.

Da ta ɓare shi ba ta mayar bakin zanenta ba. Hannuna ta kamo ta juye mini, ta ce, "Ka cuɗe shi da toka kafin ka ajiye." Ba ta ga damina ta gaba ba.

Yanzu a bokitin fenti nake shuka shi. Bana ma tun tsakiyar damina nake ɗaga ganyen ina tsaki, kuma babu wanda zai ce mini in rabu da shi.