Marin da Kawu Ya Yi Mini a Tsakiyar Gulbi

Jiya na raka maniyyata filin jirgi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ta teku ya je Makka. Ya sha ba mu labarin ranar da guguwa ta taso musu a Bahar Maliya. Raƙuman ruwa suna dukan jirgin, ko'ina amai da ruwan gishiri, matuƙa suna tsula wa alhazai igiya don su saki kayansu a jefar. Wani ya rungume akwatinsa, ruwa ya tafi da su tare.

Shekarar da na fara fataucin albasa, ni da Kawu muka ɗauko kaya daga Gwandu, muka shiga kwalekwale a gulbin Kalgo ana ambaliya. Ruwa ya shigo har idon sawu. Kawu ya ce a tura buhunan albasar cikin gulbi, ni kuwa na kwanta a kansu. Ya kwaɗa mini marin da ya fasa leɓena.

"Kai ɗan nan! Gawarka zan kai wa ƙanwata?"

Bakina cike da jini na tura su. Muka tsallake.

Allah Ya tsallakar da kai Siraɗi, Kawu, kamar yadda ka tsallakar da ni.