Awon Albarushin Baba

Baba maharbi ne, da hannunsa yake ɗura harsashi. Yakan rage albarushi don kada bindiga ta doki kafaɗa. Ya ce nutsuwar hannu ke kayar da barewa, ba ƙara ba. Ina karatu a Alƙahira ya rasu.

Wata rana ina bakin titi a unguwar Hay el-Sabi', Yaya ya kira ni a waya daga gida. Ya ce ya cika harsashi maƙil da albarushi, bindigar Baba ta targaɗa masa kafaɗa, ga gida babu abinci.

"Kai ke zama kusa da Baba in yana ɗuri. Ina awonsa yake tsayawa?"

Na runtse ido har gumi ya karyo mini. Duk littattafan da na haddace, wannan ya gagare ni.

"Yaya, ka yafe ni. Fuskarsa nake kallo."