Tsutsar da Ta Ci Sunan Yayana

Da na ce ba zan ba da labarin nan ba, don kada a ce dattijo kamata ya keta ƙasar Faransa zuwa ganin tsutsa. To, ku yi dariyarku.

Yayana Malam Mamman, maginin rijiya a Damagaram, shi ya aiko mini da kaset har Paris, inda nake zaune. Ya ce, “Ka je Lyon ka dubo ɗana Isufu. In gaskiya ne tsutsotsi yake karantawa, ka ɗoro mini shi a jirgi.”

Paris, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar unguwarmu Saint-Denis, rikoda a hammata. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har tashar Gare de Lyon. Kofi faran huɗu, ko lomar burodi babu! Ƙarfe bakwai sabon jirgin ƙasan nan ya tashi. Kilomita ɗari huɗu da wani abu, awa biyu cur. Ban gama gyangyaɗi ba aka ce mun iso.

Lyon

Isufu ya tarye ni, ya rame kamar tsinke. Bas ta kai mu ɗakinsa a Bron, ya ba ni shinkafa da sardin. Na kunna masa kaset, ya saurara har ƙarshe, ya miƙe.

“Tonton,” in ji shi, wato baffa da Faransanci, “zo ka gani tukuna.”

A ɗakin bincike ya ɗauko kwalba. Wata 'yar aba ce fara, mai jan kai. Ya ce ƙaramin jirgi mai nutso ne ya ɗauko ta daga gindin teku, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa.

“Zurfin gaba nawa?”

“Ya fi gaba dubu.”

Na tuna rijiyar da yayana ke taƙama da ita gaba arba'in ce.

“Ya sunanta?”

“Ba ta da suna, Tonton. Ba wanda ya taɓa rubuta ta. Malamina ya ce ni na tantance ta, ni zan raɗa. Sunan Baba nake so, shi ya koya mini leƙen rami.”

“Kai, ɗan nema! Ubanka za ka haɗa da tsutsa?”

Amma na danna rikoda, na ce ya maimaita, kada ya manta da gaba dubun nan. Ƙarfe shida na yamma na koma Paris ni kaɗai.

Damagaram

Bayan wata guda na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Isufu kuwa, na gode masa da sardin. Yaya ya saurari kaset sau biyu. Ya ƙirga wani abu da yatsu, ya ce a bar yaro ya kai ƙarshen raminsa. Sai ya dube ni.

“To, da aka yi mini takwara, wa ya yanka ragon suna?”