Hannun Minegishi Ya Manta da Mugunta

Kullum ƙarfe sha ɗaya na safe Minegishi yana bakin filin besbol. Zai cire hula ya rusuna wa filin, sannan ya jawo kwandon ƙwallaye. Guda ɗari da ashirin yake jefa wa 'yan wasa su gwada bugu da sanda. Kafin 'yan kallo su iso ya shige ciki, ƙanƙara a kafaɗa. Shekara ashirin da shida ke nan, da lamba 107 a bayansa, lambar da ba ta shiga wasa.

A jami'a ni nake tsugunawa ina cafe jifansa. Yana da wata ƙwallo mai tahowa tsaye, sai ta faɗi dab da sanda, mai bugu ya daki iska. Ita ta kai shi ƙungiyar ƙwararru. Bayan shekara huɗu gwiwar hannu ta ci amanarsa, aka ce ya koma jifan atisaye, mai daɗin bugu. Ni na yi kuka, shi bai yi ba.

Minegishi, kai ne ka ƙware a hana bugu, aka ce ka bayar, ka bayar da zuciya ɗaya. Lokacin da Orihara, gwanin ƙungiyar, ya yi wata guda yana dukan iska, kai ka tsaya da shi cikin rana har hannunsa ya dawo. Hoton Orihara jaridu suka buga.

Amma na san abin da ke ranka. Duk sanda muka zauna cin taliya, sai ka matse lemo tsakanin yatsu biyu ka ce, "Ƙwallon nan tana nan fa. Sau ɗaya nake so in sake ta."

Ranar ritayar Minegishi, Orihara ya ce masa cikin girmamawa, "Minegishi-san, yau ban da tausayi. Ta jami'ar nan nake so."

"Rufa wa kanka asiri, ga matarka tana kallo," in ji Minegishi.

Aka kira ni na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. Minegishi ya ware yatsu ya saki. Ƙwallo ta taho sak a tsakiya, ba ta faɗi ba, Orihara ya tsallakar da ita katanga. Minegishi ya daɗe yana kallon hannunsa. "Ya manta da mugunta," in ji shi, yana dariya.

Mun gode, abokina. Masu tasowa, ku koyi yi wa wani aiki kamar naku ne. Ni dai na tashi hannu wayam, kuma har yau ina kewar ƙwallon nan.