Juma'a Sittin da Huɗu

Yayata ta yi shekara goma sha shida a ɗakin gwaji na wani kamfanin matsar man gyaɗa. Aikinta ta ɗebi gyaɗa daga buhu, ta auna danshinta, ta duba ko ta yi funfuna, sannan ta ce a sauke mota ko a juya da ita. Direbobi sun laƙaba mata Kwastan, don roƙo ba ya wucar da buhu a gabanta.

Tana da shekara arba'in da uku ta ce za ta koma makaranta. Jami'a ta buɗe wa ma'aikata digiri na biyu kan ingancin abinci, ana shiga aji Juma'a da rana, Asabar kuma wuni guda. Maigidanta ya yi dariya ya ce, "To, ke da 'yarki za ku fara faɗa kan biro ke nan." Washegari kuma shi ya sayo mata jaka.

Juma'ar ce matsala. Ana tashi aiki ƙarfe huɗu, aji kuwa ƙarfe biyu, ga nisa. Ta sami Manaja ta ce ya ba ta izini a rubuce. Ya kaɗa hannu ya ce, "Haba, ni da ke sai mun ɓata takarda? Je ki abinki, ilimin ai namu ne."

Sai ta koma wurin abokiyar aikinta, wadda ake kira Lauya saboda iya zance. Teburinsu ɗaya shekara goma sha ɗaya. Lokacin da Yaya ta haifi autanta, Lauya ce ta yi jinyarta a asibiti. Tun kafin Yaya ta rufe baki Lauya ta ce, "Ƙawata, tafi. Ni zan riƙe miki wurin."

Haka aka yi shekara biyu. Yaya ta rame, ta fara sa gilashi. Takan jingina littafi da tulun ruwa a kicin tana karatu har miya ta kama. Ranar Asabar ni nake kwashe yaran. Bincikenta a kan siton kamfanin ta yi shi, ta gano buhunan da ake jinginawa da bango su ne ke fara lalacewa. Aka ja su baya, aka sa katako a ƙasa, asara ta ragu. Duk Litinin kuma sai ta buɗe wa Lauya littafinta ta koya mata abin da ta koyo.

Tana gama jarrabawa shugaban ɗakin gwajin ya yi ritaya. Mutum uku suka zo daga babban ofis don tantance wanda zai gaje shi. Yaya ta shiga da sakamakonta a hannu. Wata mata a cikinsu ta buɗe fayil ta ce, "Malama, an nuna a nan kin bar aiki kafin lokaci, Juma'a sittin da huɗu, ba izini."

Yaya ta dubi Manaja. Yana kallon fanka ya ce, "Ni dai takarda ba ta zo teburina ba."

Matar ta turo mata fayil ɗin. Rubutun Lauya ne, da koren biron da take so. Kowace Juma'a da kwanan watanta da mintin da Yaya ta fita. Layin farko shi ne ranar da ta fara zuwa aji, ranar da Lauya ta raka ta har bakin get tana gyara mata mayafi.

Yaya ta tarar da Lauya tana wanke kwalaben gwaji. Ta ce, "Tun ranar farko?"

Lauya ba ta juyo ba. Ta ce, "Manaja ne ya ce in riƙa rubutawa. Kuma ke kina da digiri, ko'ina za a ɗauke ki. Ni me nake da shi?"

Lauya aka ba kujerar, Yaya kuma takardar gargaɗi. Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin gado da takalmi a ƙafa ta ce min, "Ba kujerar ba ce, ƙanwata. Ina fita tana min addu'a, ina ba da baya tana duba agogo."

Ta ƙara wata bakwai a wurin, tana gaida Lauya da "Shugaba", ba ƙari. Daga nan wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ta tana duba musu rumbuna. Albashin bai kai na da ba, amma tana barci.

Watan jiya ina gidanta muna cin abinci Lauya ta kira. An kawo musu gyaɗa, sakamakon gwaji ya rikice mata. Yaya ta saurara, ta faɗa mata yadda za ta sake ɗiba da abin da za ta duba, ta ce kada a matse ko buhu ɗaya sai an tabbatar. Lauya ta fara cewa, "Ƙawata, ni fa..." Yaya ta kashe wayar.

Na ce, "Yaya, don me kika taimake ta?"

Ta ce, "Mutane ne za su ci man."

Ta ture kwanonta gefe, ba ta ƙara loma ba.