Gwiwar Iya Mai Guga

Shekara ashirin da shida Iya Mai Guga ta yi a tsaye. Ba ƙari na yi ba. Daga safe har la'asar tana gaban teburin guga a shagon wanki, a kan siminti, cikin silifas ɗin da duga-duganta suka cinye har ana hango ƙasa ta cikinsu. Da ta bar aikin ta tafi da abu biyu: sunan da har yau ake kiranta da shi, da gwiwar dama mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Likita ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta daina zama a 'yar gajeriyar kujerar nan mai kai gwiwa ƙirji, ta daina wanki a tsugune, ta sayi takalmi mai taushi, ta rage sukari ko jiki ya ɗan sauka. Iya ta ce to, to, in Allah ya yarda. Tana isa gida ta jawo kujerar ta zauna, ta zuba cokali uku a shayi, ta ba 'yarta labarin likitan da ko gemu bai gama tsiro masa ba. Ni dai ban taɓa ganin mai taurin kai cikin ladabi irinta ba.

Babbar matsalar bene ce. A hawa na uku take zaune tare da 'yarta, malamar makaranta, wadda mijinta ke aiki a wani gari, famfo kuwa yana can ƙasa a tsakar gida. Iya ba ta hawa sau biyu a kan abin da za ta iya kinkima sau ɗaya. Bokiti a dama, bokiti a hagu. In gwiwar ta kumbura sai ta ɗaure ta tamau da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin zani, ta haɗiyi ƙwaya biyu, ta ci gaba da harkarta.

Ɓoyon nan yana da dalili. Jikanta ɗan wata goma sha ɗaya, wanda take tsokana da Ango, a hannunta yake yini. Watan jiya Malama ta kama ta tana dafa bango kafin ta miƙe.

"Iya, wallahi ba wasa nake yi ba. Ranar da ƙafar nan ta sake gazawa, gidan raino zan kai shi."

"Ki haɗa da ni mana, mu ji ko suna karɓar tsofaffi."

Iya ta yi dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai. Tsoro take ji, tsoro na gaske. In aka ɗauke Ango, ba abin da zai rage mata a ɗakin nan sai bango da rediyo.

Ran wata Talata da hantsi ruwa ya zo a famfo. Iya ta goya Ango, ta ɗora bahon wanki a ƙugu, ta kama hanyar ƙasa. Ta wuce hawa na biyu lafiya. A tsakiyar matakalar ƙarshe ta sauke ƙafar dama, sai wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar. Zafi ya harba mata har ƙeya. Ƙafar ta ƙage, ba ta miƙe ba, ba ta lanƙwashe ba.

Ta saki bahon ta cafke ƙarfen gefe da hannu biyu. Baho ya gangara yana ƙara, kaya suka watse. Ta bi shi da ido ta ga inda ya tsaya: matakala tara, sannan siminti.

Ƙarar ta tashi Ango. Abin ya ba shi dariya, ya bankare baya yana leƙen bahon, yana dukan kafaɗarta. Nan ta ji zanin goyon ya fara zamewa a ƙirjinta. Sauri ya sa ba ta ɗaura majanyi ba, soke bakin zanin kawai ta yi. Gyara shi sai da hannu biyu, hannayen kuwa su ke riƙe da su duka.

"Ango, yi haƙuri, kwanta. Kwanta, ɗan albarka."

Ta matse zanin da hammata. Zufa ta shiga mata ido. Daga inda take tana jin tafasar tukunyar matar mai walda, maƙwabciyarsu ta ƙasa, wadda magana ba ta kwana a bakinta. Kira ɗaya ya isa. Amma in ta kira, kafin la'asar Malama ta ji.

Sai ta gwada. Allah ya yafe mata, ta gwada. Ta ɗaga ƙafar hagu za ta sauke, nauyinsu duka ya koma kan ta dama. Gwiwar ta karkace ta tafi gefe, kafaɗarta ta bugi ƙarfe, zanin ya sake sauka. Ta ji ƙafafun yaron sun zame daga ƙugunta, ya daina dariya, ya damƙi wuyan rigarta.

"Maƙwabciya! Maƙwabciya, ki zo! Yaro zai faɗi!"

Matar mai walda ta fito da ludayi a hannu, ta yar da shi, ta hau bibbiyu tana salati. Ta zare Ango daga bayan Iya daidai lokacin da zanin ya kwance gaba ɗaya. Iya ta sulale ta zauna a kan matakalar, ta kasa ko kallon yaron.

Matar ta hau da shi, ta dawo ta tallafi Iya mataki-mataki har ɗaki, ta kwaso kayan da suka watse. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Iya, ki kwantar da hankalinki. Na san me ake cewa a kaina, amma wannan ba mai ji daga bakina."

Iya ta yi godiya. Ta yini a bakin gado, ƙafa a miƙe, Ango na barci a gefenta, tana kallon yadda cikinsa ke hawa da sauka.

Da la'asar Malama ta dawo, ta tarar da ɗaki tsaf, yaro na wasa da murfin kwano. Ba ta ga komai ba sai wata 'yar jaka a bakin ƙofa, an cika ta da kayansa.

"Iya, wannan fa? Tafiya za ku yi ke da angon naki?"

"Gobe ki kai shi gidan rainon."

"Me ya faru?"

"Zan gaya miki duka. Ɗauko takarda tukuna." Ta jira har Malama ta ɗauko. "Ki rubuta musu ba ya shan ruwa mai sanyi. In ya fara jan kunnensa, barci yake ji, ba ciwo ba ne. Kuma ba ya barci sai an shafa masa baya ana yi masa magana, ko me za a ce, a dai riƙa magana."

Malama ta durƙusa a gabanta za ta taɓa ƙafar. Iya ta kau da kai wajen bango, ta ce ta rubuta tukuna, akwai saura da yawa.