Makin da Bulus Ya Rage Mini

"Ƙarfi uku, basira biyar, farin jini huɗu." Makin da ƙwayar ludo ta ba jarumina ke nan jiya a gidan 'yata a unguwar Television, a wasan nan da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari. Mijinta Bulus kuwa komai nasa ya haura goma sha biyar.

Na miƙe. "Ku yi abinku, na saba da irin wannan rabo."

Bulus ya rage nasa, ya ƙara mini.

Na ce, "Ba na son sadaka."

"Baba, ba sadaka ba ce. In ni kaɗai na iya komai, ku kallo za ku yi, wasan ya mutu."

Na koma na zauna.

Da digirina na tsufa ƙarƙashin manyan da ba su taɓa gane wannan ba. Ku kun taɓa ganin wanda ya gane, in ba a wasa ba?